Commodore 64 da ZX Spectrum: musun da ya raba kan yaran Ingila

1/
Jama'a, tun kafin musun iPhone da Samsung, tun kafin na PS da Xbox, akwai wani musu da yaran makaranta a Ingila suka kusa shekara goma suna yi, har da ɓata abota. Kwamfutoci biyu ne, duk 'yan 1982: ZX Spectrum da Commodore 64. Yau zan kwance kowacce mu leƙa cikinta, mu ga me take da shi, me kuma ta rasa. Zaren da ɗan tsawo fa, wanda datarsa ta yi ƙasa ya ajiye shi sai an jima. 🧵

2/
Ku fara cire hoton laftof daga ranku. Waɗannan kibod ce kawai, duk kayan aikin suna ƙarƙashin madannai. Ka jona ta da talabijin ɗin gida ta ramin eriya, ka kunna, kafin ka gyara zama ta gama tashi. Babu Windows, babu linzami. Harshen BASIC ne zai tsaya a gabanka yana jiran ka rubuta umarni.

Gem kuma a kaset yake zuwa. Eh, irin kaset ɗin nan da iyayenmu suke sa wa rikoda su ji waƙa ko wa'azi.

3/
Maganar RAM kuwa, kada ku yi dariya. Babbar Spectrum kilobait 48 gare ta. Commodore 64, kamar yadda sunanta ya nuna, 64. Wayar da ke hannunka mai RAM gigabait 4 ta ninka Commodore sau 65,536. Hoto ɗaya mai megabait 3 da ka ɗauka a wajen biki ya ninka ƙwaƙwalwar Spectrum gaba ɗaya sau 64.

A cikin wannan ɗan akurkin aka gina dubban gem.

4/
Spectrum ta wani Bature ce, Clive Sinclair, mai kamfanin Sinclair Research a Cambridge. Mutumin nan duk rayuwarsa abu biyu suka dame shi: kaya su ƙanƙance, kuma su yi araha. Ya yi ƙananan rediyo, ya yi kalkuleta ta aljihu, sannan a 1980 ya fito da ZX80 a ƙasa da fam 100, a 1981 ya biyo da ZX81. Su biyun baƙi da fari ne, ba sauti. Spectrum ce ta farko mai launi, daga nan ma sunan ya fito.

5/
An ƙaddamar da ita ranar 23 ga Afrilu, 1982. Mai kilobait 16 fam 125, mai 48 fam 175. Richard Altwasser ne ya zana kayan cikinta, Rick Dickinson ya zana jikinta: 'yar baƙar aba da ba ta fi littafin karatu ba, da zanen bakan gizo a gefe. A masana'antar Timex da ke Dundee a Sukotland aka riƙa haɗa ta. Ku riƙe sunan Dundee, za mu dawo kansa.

6/
Commodore kuma ta Jack Tramiel ce, haifaffen Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya fara da gyaran tafireta. Daga baya ya shiga sayar da kalkuleta, yana sayen cif a wurin Texas Instruments. Rana ɗaya Texas ta fara sayar da nata kalkuletocin a farashin da bai iya tunkara ba. Saura ƙiris kamfaninsa ya nutse.

7/
Tramiel bai manta ba. A 1976 ya sayi kamfanin ƙera cif sukutum, MOS Technology, masu firosesan nan 6502. Wannan sayen shi ne tushen duk bambancin da za ku gani a zaren nan. Commodore na da masana'antar da za ta zana cif ɗin da ta ga dama ta ƙera abinta a farashin gida. Sinclair kuwa sai ya shiga kasuwa ya sayo abin da ke akwai, ya matse shi.

8/
A 1981 injiniyoyin MOS sun zana cif biyu da nufin na'urar gem: na hoto, VIC-II, a ƙarƙashin Al Charpentier, da na sauti, SID, aikin Bob Yannes. Ƙarshen shekarar Tramiel ya ce a'a, a gina kwamfuta a kansu, a sa mata kilobait 64, kuma yana son ganinta a baje kolin CES na Las Vegas a watan Janairun 1982. RAM na da tsada lokacin, amma ya yi lissafin farashin zai faɗi kafin a fara ƙerawa da yawa. Haka kuwa aka yi. A watan Agusta ta shiga kasuwa a dala 595, alhali an ƙiyasta kuɗin haɗa ta wajen dala 135.

9/
To, mu shiga ciki. Firosesa tukuna.

Spectrum: Zilog Z80A, megahaz 3.5.
Commodore 64: MOS 6510, kusan megahaz 1.

Wanda ya saba duba lambobi a jikin kwalin waya zai ce an gama, Spectrum ta ninka ta uku da rabi. Ba haka abin yake ba. Umarni mafi sauƙi a Z80 yana cin bugu huɗu na agogo, a 6510 bugu biyu. Kamar mutum biyu ne a hanya, ɗaya takunsa da sauri amma gajere, ɗaya a hankali amma dogo.

10/
Duk da haka in aka zo lissafi zalla, Spectrum ce gaba. Z80 na da ma'ajiyoyin wucin gadi da yawa a cikinsa, yana iya tara lambobi masu bit 16 kai tsaye, yana da umarni guda da ke kwashe tarin bayanai daga nan zuwa can. 6510 ma'ajiyoyi uku ƙanana ne da shi na aiki. Shi ya sa gem masu zanen layi na 3D, inda kowane motsi sai an sake lissafa kusurwoyi, suka fi tafiya a Spectrum. A Commodore sai ka ga suna jan ƙafa.

11/
Amma tambayar ita ce: aikin me aka ɗora wa firosesan?

A Spectrum kusan komai a kansa yake. Ban da shi da RAM da ROM, cif ɗaya ne mai muhimmanci, ULA da kamfanin Ferranti ya ƙera, aikinsa ya karanta ƙwaƙwalwa ya tura hoto zuwa talabijin, ya kula da kibod da kaset. In ɗan mutum zai matsa taku ɗaya a allo, Z80 ne zai goge shi, ya mayar da bangon da ya rufe, ya sake zana shi. In sauti za a yi, shi ne dai. Ga shi kuma kilobait 16 na farko rabawa yake da ULA, in ULA na karatu dole ya jira.

12/
A Commodore firosesan maigida ne mai yara. Yana da VIC-II na hoto, SID na sauti, da wasu cif biyu na kula da kibod da hannun gem da sauran abin da aka jona. Nasa ya ba da umarni su yi. Shi ma dai yana biyan haraji: duk layi na takwas na allo VIC-II kan tsayar da shi wajen bugu 40 don ya ɗebo bayanai. Wannan ɗan tsaikon zai dawo ya ciji masu Commodore a wajen lodin gem, ku jira.

13/
Yanzu hoto, inda rigimar ta fi zafi. Nan zan ɗan daɗe, don dabarar Spectrum abar sha'awa ce ko da ta jawo mata gori.

Allonta ɗigo 256 a kwance, 192 a tsaye, jimla 49,152. Da a ce kowane ɗigo zai zaɓi launinsa cikin takwas, ana buƙatar bait 18,432. Ƙaramar Spectrum gaba ɗayanta bait 16,384 gare ta. Ka ga hoton kaɗai ya fi ƙarfin na'urar.

14/
Sai Altwasser ya raba aikin biyu. Kowane ɗigo bit ɗaya: a kunne ko a kashe. Wannan bait 6,144. Launi kuma ba na ɗigo ba ne, na gida ne: aka yanka allon gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, gidaje 768, kowanne bait ɗaya da ke cewa ga launin tawada, ga launin takarda. Jimla bait 6,912. Hoto mai launi a ƙasa da kilobait 7. Wallahi lissafi ne mai kyau.

15/
Matsalar: gida ɗaya launi biyu kacal. Ka ɗauka ɗan wasanka ja ne, zai wuce ta gaban koriyar bishiya. Da ya shiga gidan da bishiyar take, ko dai bishiyar ta rine ja a wannan murabba'in, ko shi ya koma kore. Yana tafiya launi na binsa murabba'i-murabba'i, kamar atamfa mai zuba da aka jiƙa tare da fararen kaya. Wannan shi ne shahararren karon launi na Spectrum. Ko yau ka nuna wa ɗan Ingila mai shekara hamsin hoton gem, da wannan zai gane ta.

16/
Masu rubuta gem suka nemi mafita. Wasu suka tsara komai ya riƙa motsi cikin iyakar gidajen. Wasu suka haƙura da launi: filin wasa duka launi ɗaya a kan baƙi, sai su zuba ƙoƙarinsu a kyan zane. Knight Lore na 1984, daga kamfanin Ultimate Play the Game na 'yan'uwan nan Tim da Chris Stamper, haka ya yi: ɗakuna masu zurfi da ake hangowa daga kusurwa, zane siriri tsaf. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, sai ga shi salon ya zama abin da aka san Spectrum da shi.

17/
Commodore fa? Launi 16, allo har ɗigo 320 sau 200. Babban makaminta shi ne abin da ake kira sifirait: ƙananan hotuna guda takwas, kowanne ɗigo 24 sau 21, da VIC-II ke ɗorawa a saman bango da kansa. Ba gogewa, ba sake zane, ba ruwansu da launin abin da ke bayansu. Ka canza lamba biyu kawai, hoton ya koma wani wuri. Cif ɗin ma shi ke sanar da kai in biyu sun yi karo, wato harsashi ya samu jirgi.

18/
Sannan VIC-II na iya zamar da allo ɗigo-ɗigo, sumul. Duk gem ɗin da ake gudu gefe ana harbi, nan Commodore take cin kasuwarta. Ku nemi bidiyon Uridium na Andrew Braybrook, 1986, ku ga yadda jirgi ke sulalawa. A Spectrum zamar da allo na nufin Z80 ya kwashe dubban bait da hannunsa sau da yawa a daƙiƙa, shi ya sa ake rage girman filin wasa a cika gefe da ado.

19/
Guda takwas sun yi kaɗan? Masu wayo suka gano cewa talabijin daga sama zuwa ƙasa take zana hoto, layi bayan layi, kuma VIC-II na iya sanar da firosesa layin da aka kai. To da an gama zana sifirait a sama, sai a yi maza a sauko da shi ƙasa a canza masa kama kafin zanen ya iso wurin. Ido ya ga goma sha shida ko fiye, alhali takwas ɗin nan ne suke ta canza riga.

20/
Kada masu Commodore su yi ta murna, su ma da nasu tabon. A cikakken 320 ɗin, bangonta ma launi biyu ne a kowane gida, irin na Spectrum. In kana son huɗu, sai ka yarda kowane ɗigo ya ninka faɗi, allon ya koma 160 a kwance. Yawancin gem wannan suka zaɓa, shi ya sa mutanen cikinsu suke fitowa kamar an gina su da bulo. Launukan kuma dishi-dishi, ruwan ƙasa da toka sun yi yawa. Na Spectrum kuwa rau suke, har suna kashe ido.

Don haka a filin makaranta gorin hanya biyu ne. Wannan ya ce taka zubar launi, wancan ya ce taka bulo da laka.

21/
Sauti. Nan kam babu musu, sai dai son kai.

Spectrum ta asali ɗan lasifika ne da ita a ciki, murya ɗaya, kuma firosesa ne ke kunna shi yana kashewa da sauri don ya ba da ƙara. Ma'ana lokacin da take kuka ba ta iya wani aikin. In ka ba da umarnin BEEP a BASIC, komai tsayawa yake sai ƙarar ta ƙare. Da Matthew Smith ya sa kiɗa a cikin Manic Miner a 1983, sai da ya yanka shi gutsi-gutsi ya cusa tsakanin motsin wasan. Shi ya sa kiɗan yake fita a tsinke.

22/
SID kuwa kayan kiɗa ne na gaske aka dunƙule a cif. Murya uku, kowacce na da zaɓin siffar sauti huɗu, kana iya tsara yadda sauti zai taso, ya sauka, ya tsaya, ya ɓace, ga kuma matata da ke tace shi ya yi kauri ko ya yi siriri. Bob Yannes ya san kayan kiɗan lantarki, kuma bayan ya bar Commodore yana cikin waɗanda suka kafa Ensoniq, kamfanin kibod na mawaƙa.

Mutane irin su Rob Hubbard da Martin Galway suna suka yi da kiɗan gem a kan SID. Akwai yaran da kan loda gem don kiɗan kawai, su ajiye hannun gem su zauna suna ji.

23/
Wani abin dariya: SID na farko, 6581, yana da ɗan aibi. Duk sanda aka canza ƙarfin murya sai ya yi ɗan ƙas. Masu kodin suka ce to, in muka canza shi sau dubbai a daƙiƙa fa? Sai ga muryar mutum da ganga suna fita daga kwamfutar. Da haka Impossible Mission na 1984 ya yi magana. Da Commodore ta gyara aibin a sabon cif, 8580, muryoyin tsofaffin gem suka koma can ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji. Gyaran gangar auzinawa.

24/
A yi wa Spectrum adalci: akwai irin su Tim Follin da suka matsa wa ɗan lasifikan nan har ya riƙa fitar da abin da kunne ke ji kamar muryoyi da yawa a tare. Sai dai yawanci a shafin farko na gem ake jinsa, don ya cinye ƙarfin firosesan duka. Sai a Spectrum 128, da ta fara fitowa a Sifen a 1985, aka sa mata cif ɗin sauti mai murya uku, AY-3-8912.

25/
Lodin gem. Nan abin ya juya.

Spectrum kowace rikodar gida tana karɓa. Ka jona waya, ka rubuta LOAD "", ka danna, sai ƙara mai tsinka kunne ta tashi, gefen allo na walƙiya ja da shuɗi-shuɗi, sannan shuɗi da rawaya. Babban gem wajen minti biyar. In ƙarar rikodar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kaset ya ɗan tauye, a minti na huɗu za ta ce maka an samu kuskure, ka koma farko. Masu jiran fim ya sauka netwok ya ɗauke a kashi 98, kun san zafin.

26/
Commodore sai da rikodarta ta musamman, Datasette. Ba ruwanka da saita ƙara, kuma ta fi aminci, har sau biyu take rubuta komai don kauce wa kuskure. Amma jinkiri! Babban gem na iya kai kwata na awa. Kuma allon ɗauke hoto yake yi lokacin lodi, saboda tsaikon nan na VIC-II da na ce ku riƙe zai rikita lissafin lokaci. Sai da kamfanonin gem suka riƙa sa nasu manhajojin lodi masu sauri a farkon kaset sannan aka samu sauƙi.

27/
Na'urar faifanta, 1541, ita ce abin kunyar gidan. Kwamfuta ce mai zaman kanta, da firosesanta 6502 a ciki, kuɗinta ya kusa na Commodore ɗin kanta, faifai ɗaya na ɗaukar wajen kilobait 170. Amma gudunta bai wuce bait 400 a daƙiƙa ba. Dalili: tun zamanin VIC-20, yayar Commodore 64, aka gano aibi a wani cif da ke tura bayanai, aka kewaye shi da manhaja mai jinkiri, aka gaji jinkirin don sabuwa ta dace da tsofaffin kaya, tsaikon VIC-II kuma ya ƙara rage gudun. Har kasuwa ta buɗe ta sayar da maganin abin, irin katirijin Epyx Fast Load.

28/
Duk da haka faifai faifai ne. A Amurka da Jamus ta Yamma mutane sun saye shi sosai, kuma shi ya ba da damar dogayen gem masu faifai da yawa da manhajojin rubutu da lissafi. Amsar Sinclair ita ce Microdrive ta 1983, ɗan siririn tef da ke zagaye a cikin kwanso, wajen kilobait 85. Ba ta yi suna wajen aminci ba, kuma masu gem ba su bi ta ba. Spectrum ta rayu a kaset, ta mutu a kaset.

(Kaset kuma, kun sani, duk mai rikoda mai baki biyu ya zama kamfani. Kwafin gem a makarantu ba a magana.)

29/
Jiki. Madannan Spectrum 40 ne, na roba, masu laushi, har Turawa na kwatanta taɓa su da taɓa naman gawa. Ba ta da ramin hannun gem, sai ka sayi wani akwati ka cusa a baya, wanda ya fi shahara shi ne na Kempston. Ba ta da ko makunni: in za ka kashe, zare waya za ka yi. Araha ba ta ado.

Commodore kibod ce sosai, ramin hannun gem biyu, ramin katirij, ramin na'urar buga takarda. Jamusawa na kiranta akwatin burodi saboda ƙirarta. Rauninta na jiki shi ne tiransifomarta, da in ta tsufa takan saki wuta fiye da kima ta ƙone RAM.

30/
Yanzu ga wurin da na fi so a yi magana a kai, don ba a cika ambatonsa ba: me yaro zai iya yi ranar farko da ya kunna?

A Spectrum, BASIC ɗinta na da PLOT, DRAW, CIRCLE, INK, PAPER, BEEP. Kalmomin a rubuce suke a jikin madannai, danna ɗaya ya fito da kalma sukutum. In ka yi kuskure a layi, ba za ta karɓa ba, za ta nuna maka inda ka kauce. Layi uku, ka zana da'ira ja ta yi ƙara. Littafin da Steven Vickers ya rubuta mata kuma koyarwa yake yi da gaske.

31/
A Commodore, duk wannan VIC-II da SID da muke ta yabo, BASIC ɗinta ba ta san da zamansu ba. Tsohuwar BASIC ce ta Microsoft da Commodore ta saya tun shekarun 1970 da biya ɗaya, Tramiel bai ga dalilin ƙara kashe kuɗi ba. Babu umarnin zane, babu na sauti. Kana son canza launin gefen allo? POKE 53280 da lambar launi. Kana son ƙara ɗaya tak? Sai ka cusa lambobi a adireshi biyar ko shida, ka haddace su kamar lambar waya.

An ba ka mota mai ƙarfi, an ce sitiyarin yana cikin injin.

32/
Ga kuma abin mamaki: mai 64 in ta tashi, bait 38,911 take ce maka sun rage wa BASIC, don ROM ya zauna a kan wani sashe na adireshin. Mai 48 kuwa tana bar maka sama da kilobait 40. Sauran RAM ɗin Commodore na nan, amma sai wanda ya iya harshen inji yake kaiwa gare shi. Lambar jikin kwali daban, abin da ke isa hannunka daban.

33/
Sai farashi, wanda shi ne alƙalin gaske a gidaje da yawa. Lokacin da Commodore 64 ta iso Ingila kuɗinta ya ninka na babbar Spectrum fiye da sau biyu, kafin ka ƙara Datasette. A 1983 Sinclair ya sake karya farashi: fam 99 da fam 129 da 'yan kai. Uba mai albashin masana'anta da zai saya wa yaro kyautar Kirsimeti, ba lissafin sifirait yake yi ba.

34/
A Amurka labarin daban. Tramiel ya yi ta sare farashi a 1983 har ta sauko wajen dala 200, abin da mai masana'antar cif kaɗai zai iya. Kafin shekarar ta ƙare Texas Instruments, wadda ta kusa kashe shi a kalkuleta, ta fice daga kasuwar kwamfutar gida da asara mai yawa. Ramuwar gayya. Sigar Spectrum ta Amurka, Timex Sinclair 2068, ba ta ma iya tafiyar da yawancin gem ɗin Ingila ba, ta mutu da wuri.

35/
Wani abu kuma da ba wanda ya tsara: talaucin Spectrum ya kai ta inda Commodore ba ta isa ba. Tunda cikinta ba wani cif na sirri mai wuyar kwaikwayo, injiniyoyi a Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai suka gano yadda za su maye gurbin ULA da ƙananan cif na kasuwa. Aka riƙa haɗa ta a gida da ƙananan shaguna, da sunaye irin su Leningrad da Pentagon. A Brazil ma an yi TK90X. VIC-II da SID kuwa ba mai iya haɗa su a teburin ɗaki.

36/
Ƙarshen kamfanonin ba daɗi. Tramiel ya bar Commodore a Janairun 1984 bayan saɓani da babban mai hannun jari, ya je ya sayi sashen Atari. Sinclair, da aka ba shi sarautar Sir a 1983, ya zuba kuɗi a kwamfutar QL da ɗan keken lantarki C5, duka suka faɗi. A 1986 ya sayar da harkar kwamfutarsa ga Amstrad ta Alan Sugar a fam miliyan 5. Aka ci gaba da ƙera Spectrum har 1992, an sayar da wajen miliyan 5. Commodore ta karye a 1994. Ƙiyasin 64 da aka sayar ya kama daga miliyan 12.5 zuwa 17, kuma Guinness ta sa ta a matsayin samfurin kwamfuta guda da aka fi saya a tarihi.

37/
Ni dai in an tambaye ni wacce ta fi a matsayin na'ura, Commodore 64 ce, ba na ko jinkiri. Sauti, motsi, kibod, faifai, duk nata ne. Spectrum ta fi ta saurin lissafi da tsaftar zane da saurin kaset, shi ke nan.

Amma in ni ne yaro ɗan shekara goma sha biyu a 1983, wadda za ta shigo gidanmu ita ce Spectrum, kuma ita ce za ta sa na fara rubuta wani abu da kaina a daren farko. Ina ganin wannan ya fi sifirait takwas nauyi, ko da masu Commodore za su cika min akwatin saƙo.

38/
Na ce ku riƙe Dundee. Wani matashi, David Jones, ya yi aiki a masana'antar Timex ɗin nan da ke haɗa Spectrum. Da aka rage ma'aikata ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya sayi kwamfuta, kuma abin dariya ta Commodore ya saya, Amiga. Ya kafa DMA Design a garin, suka yi Lemmings, a 1997 suka fito da Grand Theft Auto. Kamfanin shi ne Rockstar North na yau. 'Yan'uwan Stamper na Knight Lore kuma su ne suka zama Rare, masu Donkey Kong Country da GoldenEye 007.

39/
Mai son ya gani da idonsa ba sai ya nemi tsohon ƙarfe ba. Akwai manhajojin kwaikwayo kyauta: Fuse na Spectrum, VICE na Commodore. Ku gwada Knight Lore a ta farko, Uridium a ta biyu, ku sa abin kunne. In kun buɗe VICE kuma, kafin komai ku rubuta POKE 53280,2 ku danna RETURN. Gefen allon zai koma ja. Wanda ya gwada ya turo min hoton a ƙasa.